Yatsun Ƙafar Inna Talatu

Shekara guda cur Inna Talatu ta yi tana ɓoye kullutun da ya fito mata a maman hagu. Da ya girma ya fashe, aka ce daji ne, kuma a ƙauyensu kowa ya san abin da ake faɗa: daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai fusata. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, tumaki biyu suka tafi a kan haka. Sai ranar da wari ya tashe ta daga cikin mata a gidan suna, sannan ta yarda ɗan farinta, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ya kai ta asibitin koyarwa.

Likita ya duba, aka yanki ɗan nama aka gwada, aka tabbatar sankarar mama ce. Ya ce sai an fara da kemo, zagaye-zagaye, mako uku-uku, ƙarin ya motse kafin a yi maganar tiyata. Ya faɗi haka cikin minti biyar, don a bakin ƙofa layi ne har kwana. Sauran bayanin ya faɗo kan Sista Rakiya.

Sista Rakiya ta daɗe a ɗakin kemo. Tana da wata ɗaliba da aka turo mata koyon aiki, Zainab, yarinya mai kaifin kai da saurin hannu, wadda ke samun jijiya a hannun da wasu suka soka sau uku suka kasa. Abu ɗaya ke damun Zainab da Sista: surutu. Kafin a rataya leda ɗaya sai Sista ta jawo kujera ta zauna kamar ta zo gaisuwar biki.

Ranar ma haka ta yi. Ta duba takardar gwajin jini tukuna, don in ƙwayoyin jinin sun yi ƙasa ba a bayar da maganin. Ta sa aka auna nauyin Inna da tsawonta, tun da da su ake lissafin yawan abin da za a ba ta. Sannan ta kira surukar Inna, wadda ke jinyarta, ta ɗaga sirinjin jan maganin da ake kira doxorubicin.

"Inna, kin ga wannan? Yau da gobe za ki ga fitsarinki ya yi ja. Ba jini ba ne, launin maganin ne. Nan da mako biyu zuwa uku gashi zai fara zubewa, zai kuma dawo in an gama. Abin da nake tsoro ɗaya ne: zazzaɓi, musamman daga kwana bakwai zuwa sha huɗu, lokacin da sojojin jiki ke raunana." Ta juya ga surukar, ta nuna mata ma'aunin zafi. "In ya kai 38, ko tsakar dare ne, ku taho. Kada a tsaya kemis a ce maleriya ce."

Wanda bai san ƙauye ba zai ce wannan ɓata lokaci ne. Amma matar da aka ce mata ƙarfe zai fusata ciwonta, in ta wayi gari ta ga jan fitsari ba a gargaɗe ta ba, ta tafi ke nan, ba za a ƙara ganin ta ba sai an kawo ta ranga-ranga.

Aka sa allura a hannun dama, aka fara tura maganin a hankali tare da ƙarin ruwa. Zainab ta tsaya a kai.

"Inna, da zafi?"

"Alhamdu lillahi, 'yar nan. Da sauƙi."

Zainab ta gyaɗa kai. Sista tana gado na gaba tana sauya wa wani dattijo bandeji, sai ta ɗago, ta ce a tsayar, da muryar da Zainab ba ta taɓa ji ba. Ta taho ta rufe ruwan. Ba ta zare allurar nan take ba, sai da ta zuƙo abin da zai zuƙu ta cikinta. A bayan hannun Inna akwai ɗan kumburi da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Allurar ta goce daga jijiya, maganin ya fara shiga tsoka. Sista ta zagaye wurin da biro don a gane in ya faɗaɗa, ta ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ta ɗaga hannun a kan filo, ta aika a kira likita. Jan maganin nan in ya taru a waje da jijiya yana cin nama, ya bar gyambon da kan kai wata da watanni, wani har sai an yi masa dashen fata.

Da ƙura ta lafa, Zainab ta same ta a wajen wanke hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Sista, wallahi na tambaye ta. Ta ce da sauƙi."

"Na ji ki. Haihuwarta nawa?"

"Tara, in ji takarda."

"Duk a ɗaki, kuma na rantse ko maƙwabta ba su ji tarinta ba. Wannan ce za ta ce miki allura na mata zafi, a gaban surukarta?" Ta yarfe hannunta. "Ƙafarta na gani. Yatsun duk sun ƙanƙame kamar mai taka garwashi."

Sista ta koma wajen Inna, ta sallami surukar ta je ta sayo ruwa, ta zauna a bakin gado. Ba ta yi mata faɗa ba. Cewa ta yi: "Inna, dauriyarki ta raini 'ya'ya tara, ba mai raina ta. Amma a ɗakin nan bakinki shi ne idona. Abin da kika ɓoye mini, hannunki ne zai biya." Inna ta yi shiru, can ta ce a hankali, ai ta ɗauka dajin ne ya fusata kamar yadda aka faɗa, ta ga ba amfanin tayar wa yara hankali. Daga nan sauran zancen ya ɓalle: rabonta da barcin kirki wata uku saboda raɗaɗi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Kafin su tafi, Sista ta sa likita ya rubuta mata mofin na sha, ta nuna wa surukar awon da lokutansa, ta kuma gargaɗe su cewa yana ɗaure ciki, ga abin da za a haɗa da shi.

An yi sa'a abin da ya zuba kaɗan ne. Wurin ya yi duhu, ya saɓe, ya warke.

Bayan mako uku Inna ta dawo, ɗankwalinta ɗaure tamau har gira, da ƙullin ƙuli-ƙuli na tsaraba. Zainab ce ta karɓe ta. Ta duba takardar jini, ta jawo kujera ta zauna, ta tambayi barci da cin abinci da bayan gida, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda da "da sauƙi" ko sau ɗaya ba. Da Sista ta zo aka fara tura maganin, Zainab ta ɗan janye bargon daga ƙasan gado.

Inna ta bi ta da kallo, ta motsa babban yatsanta.

"'Yar nan, rufe mini ƙafa, sanyi nake ji. In ya yi zafi zan faɗa."

Zainab ta mayar da bargon, amma ta bar yatsun a waje.