Hawaye a Kan Wanda Ba Ka Taɓa Gani Ba



Wannan makon niyyata ita ce in kawo lissafin kuɗin gyaran rufin ɓangaren mata, amma wani abu ya faru a harabar masallaci ranar Talatar makon jiya wanda har yanzu ana ta juya shi a shaguna. Shi ya sa na ce bari lissafi ya jira Juma'a mai zuwa.

Bayan sallar Isha'i, sanyin nan na Jos ya hana kowa zama, amma samari huɗu ko biyar sun ƙi tafiya, sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, yaron da ke koyon kanikanci a Bukuru, har da share ido da hannun riga. Wani dattijonmu, mutumin Katsina, ya matso ya ce, "Kai, wa ya rasu?" Yaron ya ce, "Baba, Ken Block ne." Baba ya ce ɗan wane gida ne? Da aka yi masa bayani cewa Bature ne ɗan Amurka mai tseren mota, sai ransa ya ɓaci. Ya ce a gaban ɗakin Allah za ku tsaya kuna kuka a kan wanda bai san ku ba, ba addininku ɗaya ba, kuma wasa ne ya kashe shi? Samari suka watse ba wanda ya ce uffan. Washegari biyu daga cikinsu ba su zo Asuba ba.

Ni ba malami ba ne, kun sani, littafin rajista da rasit nake riƙewa. Amma na zauna da Malam Liman a kan maganar, na kuma saurari ɓangarorin biyu, kuma ina ganin kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki wani.

Ga waɗanda ba su san mutumin ba: Ken Block direban tsere ne, ya rasu ranar Litinin 2 ga Janairu 2023 a jihar Yuta ta Amurka, yana da shekara 55, ya bar mata da 'ya'ya uku. Abin da ya sa yaranmu suka san shi shi ne bidiyoyinsa, inda yake juya mota kamar faifai, hayaƙi na tashi daga tayoyi, ya bi ta wurin da kai ko da keke ba ka bi ba. Lambar motarsa 43, ita ce kuka ga samari sun cika sitatus da ita. Kuma ba a cikin mota ya mutu ba. Babur ɗin da ake hawa a kan dusar ƙanƙara ne ya kife da shi a kan gangare ya danne shi.

To, maganar Baba ta farko, wai bai san ku ba. Gaskiya ne. Amma ni na tuna ranar 1 ga Janairu 2007, da labari ya iso cewa Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Azare. Ina saurayi a lokacin. Na ga iyayenmu mata suna kuka a tsakar gida, matan da ba su taɓa haɗa ido da shi ba sai a talabijin. Ba wanda ya ce da su sun yi hauka. Mutum yakan shiga rayuwarka ta hanyar abin da ya iya, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofar gidanka ba. Yaron nan na Bukuru ya gaya mini cewa kallon wannan Baturen ne ya sa ya fara sha'awar sanin yadda inji yake aiki, ya bar zaman banza a bakin titi ya je ya durƙusa wa maigidansa a gareji. Yanzu da guminsa yake sayen sabulu. Idan wanda ya zama sanadin haka ya mutu, zuciya ta motsa, ni ban ga abin mamaki ba. Abin mamakin shi ne a ce ba ta motsa ba.

Wanda ya ƙara buɗe mini ido shi ne wani dattijonmu mutumin Agadas, mai shagon kayan fata. Shi da Baban Katsina tare suke shan shayi kullum, amma a wannan magana sun rabu. Ya ce mini, "Sakatare, wannan abin da yaran nan suke yi, mun riga su." Ya ba ni labarin gasar Paris-Dakar, wadda wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Shi wannan mutum ya taɓa ɓata a cikin hamada a kan babur a 1977, aka ceto shi da ƙyar, maimakon ya ce ya tuba sai ya dawo da jama'a. Gasar farko ta tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182, ta ratso Aljeriya, ta biyo Agadas da Yamai, ta shiga Mali, 74 ne kawai suka isa Dakar. Alhaji ya ce duk shekarar da gasar ta biyo ta garinsu, gari yakan cika, mai burodi ya sayar, mai faci ya samu, mai ɗakin haya ya ninka kuɗi, yara kuwa makaranta ma sai an kora su.

Ranar 14 ga Janairu 1986, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Sabine ya faɗi kusa da Gurma Rarus a ƙasar Mali. Mutum biyar ne a ciki, ba wanda ya fita. Har da wani mawaƙi, Daniel Balavoine, wanda ya biyo gasar don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. Alhaji ya ce ranar da suka ji a rediyo, kasuwa ta yi tsit, shi da kansa bai iya cin tuwon dare ba. Daga baya aka ƙona gawar Sabine bisa al'adarsu, aka kai tokar aka watsa a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a hamadar Tenere, har yau da sunansa ake kiranta. (Ya ja kunnena kada in haɗa ta da ɗaya bishiyar ta Tenere da wani direban babbar mota ya buge a 1973, wadda gangar jikinta ke gidan tarihi na Yamai. Na cika alkawari.) Ya ce ƙona gawar ya ba su tsoro ƙwarai, sun yi ta a'uziyya, amma hakan bai hana su jin zafin rashin ba.

A nan ne maganar addini ta shigo, kuma a nan na fi so a karanta a hankali, domin mu a Rayfield maƙwabtanmu da abokan cinikinmu mafi yawansu ba Musulmi ba ne. Malam Liman ya rarrabe mini abu biyu da muke cakuɗawa. Akwai baƙin ciki, akwai neman gafara. Neman gafara ga wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba, Suratut Tauba aya ta 113 ta hana, kuma malaman tafsiri sun danganta saukarta da rasuwar Abu Ɗalib, baffan Manzon Allah (SAW), mutumin da ya tsaya masa shekara da shekaru. Saboda haka samarin da suka rubuta addu'ar rahama da Aljanna a ƙarƙashin hoton, ya kamata a gyara musu, a hankali. Wannan Baba yana da gaskiya a kai. Amma baƙin ciki ba wanda ya hana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka gaya masa ai gawar Bayahude ce, sai ya nuna musu cewa shi ma ai rai ne. Kuma Malam ya ce malamai da yawa sun halatta yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya da kalmomin da suka dace, a ce Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Mu da muka ga 2001 da 2008 da 2010 a garin nan, mun san abin da ke biyo baya idan mutane suka saba ganin mutuwar wani ba komai ba ce don ba nasu ba ne. Ba na so yaranmu su koyi wannan darasin a harabar masallaci.

Iyaka dai tana nan. Kururuwa da yage tufafi da maganganun da ke nuna jayayya da hukuncin Allah, wannan ko a kan mahaifinka ba a yarda ba. Zaman makoki kwana uku ne, in ban da matar mamaci. Ranar da ɗan Annabi (SAW) Ibrahim ya rasu, idanunsa sun zubar da hawaye, amma da rana ta yi husufi mutane suka ce saboda rasuwar ne, nan take ya gyara musu. Ya yi kuka, bai yarda a kai abin inda bai kai ba.

Saura maganar da ta fi ba ni wahala, wai wasa ne ya kashe shi. Da farko na ɗauka amsar mai sauƙi ce, tunda Suratul Baƙara aya ta 195 ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Amma tsere a kansa ba haramun ba ne. Annabi (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, mu ma kakanninmu sukuwa suke yi, kuma doki yana kayar da mutum. Da na sa yaron nan ya nuna mini bidiyon, na lura da abin da ban zata ba. Titin a rufe yake, ba mai tallan gyaɗa, ba ɗan makaranta. Direban da hular kwano, an ɗaure shi da bel ta ko'ina, cikin motar an kewaye shi da ƙarafa kamar keji. Wato mutumin da muke kira mai ganganci ya fi mu ɗaure raƙuminsa. Mu ne za mu tashi daga Farin Gada da tayar da ta sha faci uku, birki sai an taka sau biyu, mutum bakwai a motar mutum biyar, mu ce Allah ya kiyaye. In abu ya faru a Hawan Kibo mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja. Amma ba a ba mu ita don mu ɓoye sakacinmu a bayanta ba.

Wannan kuma bai wanke samari ba, kada su yi murna. Abin da wasunku suke yi ranar ɗaurin aure, a ari motar gida a zo kan titin da jama'a ke bi ana juyi, yara sun kewaye suna ihu, ba shi ne abin da kuke kallo a waya ba. Kun kwaikwayi hayaƙin kun bar shirin. Wanda ya sa ransa a haɗari bayan ya yi tanadi, a yi ta muhawara a kansa, ni kaina ban gama yanke hukunci ba. Wanda ya sa ran ɗan wani a haɗari don a tafa masa, wannan ba muhawara.

Kuma nan ne labarin Alhajin Agadas ya juya. Bayan ya gama yabon gasar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Amma fa ta ci yara." Motocin nan suna ratsa ƙauyuka da gudun da mutanen wurin ba su taɓa gani ba. A 2006 kaɗai, yara biyu aka buge a kwana biyu a jere, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, ɗan shekara 10 da ɗan shekara 12. Sabine yana da bishiya da sunansa a tsakiyar hamada, su kuwa sai ka yi bincike kafin ka sami sunayensu. An soke gasar 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta. A gasar 2023, wata ranar Talata, babbar motar tsere ta buge wani ɗan kallo ɗan Italiya ya mutu. Ban ga hotonsa a sitatus ɗin kowa ba.

Ban kawo wannan don in ce kada a ji zafin mutuwar shahararre ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda hawayenmu ke bin wanda aka fi haskawa. Watan jiya muka yi jana'izar wani direba a nan, mutumin da ya shekara fiye da ashirin yana ɗauko mana dankali daga Bokkos da Mangu, shagunanmu da yawa da kayansa suke buɗewa. Motarsa ta ƙwace a gangare, shi da yaron motarsa duk suka tafi. Na ƙirga sahu, biyu ne da rabi. Samarin da suka yi kuka ranar Talata ba ko ɗaya a ciki. Amma in za a faɗi gaskiya, dattawan da suka yi musu faɗa ma ba duka suka zo ba, ranar kasuwa ce.

Na faɗa wa yaron Bukuru wannan maganar ido da ido. Bai musa ba. Ya ce, "Yaya, wallahi ban ji ba." Na yarda da shi, domin ba wanda ya sa mutuwar a waya. Ya tambaye ni gidan, na kwatanta masa. Na kuma je wurin Baban Katsina na roƙe shi, in ya ga yaran ya kira su ya ja su a jiki, domin yaron da aka kunyata a masallaci wani wurin zai nema. Ya ce zai duba, amma har yanzu yana kan bakansa cewa kukan ya yi yawa. Alhajin Agadas ya ce a bar shi da shi, za su ƙarasa a wurin mai shayi.

Marigayin direban ya bar mata ɗaya da yara biyar, babbar tana aji uku a sakandare, kuma akwai sauran bashin motar. Iyayen yaron motar suna ƙauye, muna neman wanda zai kai musu saƙo hannu da hannu. Akwatin asusun marayu zai kasance a ƙofar gabas bayan an sallame, wanda kuma yake son rasit ya same ni a ofis kafin La'asar.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci