Ko Ya Halatta a Yi wa Malami Dariya?

A shekarar 1933 wani Bajamushe, Heinrich Spoerl, ya wallafa littafin ban dariya mai suna Die Feuerzangenbowle. Labarin wani marubuci ne, Pfeiffer, wanda aka karantar a gida, bai taɓa zaman aji ba. Da ya girma sai ya ɓad da kama, ya shiga makaranta, ya dinga tsokanar malamai. An mai da labarin sinima a 1934, aka sake a 1944.

Ministan Ilmi na Jamus, Bernhard Rust, ya nemi a hana nuna ta biyun, wai tana zub da mutuncin malamai, amma bai yi nasara ba.

To, 'yan makaranta, Rust ya yi gaskiya? Mu dai a ganinmu dariya iri biyu ce. Akwai ta ƙauna, wadda yaro ke yi in ya kwaikwayi tafiyar malaminsa ko salon maganarsa, alhali gobe zai riga kowa ɗaukar masa littattafai. Akwai kuma ta raini, wadda ke toshe kunne, har darasi ya wuce bai shiga ba. Ta farko ba ta rage malami da kome. Mutuncin da raha za ta rushe, da ma tsoro ne aka yi wa rawani. Ta biyu kuwa mai yin ta ta ke cuta, gama ba a ɗibar ruwa a rijiyar da aka raina.

Saboda haka kafin ku dara, ku tambayi zukatanku: da malam zai juyo ya ji, zai iya taya ku?