Mutane ake ƙirgawa, ko faɗin ƙasa?

A gundumar Midland, cikin jahar Teksas ta Amurka, an raba kujeru huɗu na majalisar gunduma tsakanin yankuna huɗu. Bisa ƙiyasin 1963, yanki guda, wanda ya haɗiye kusan dukan birnin, yana da mutum 67,906. Sauran ukun, na karkara, suna da 852, 828 da 414. Kowane yanki wakili ɗaya. Wato a yanki mafi ƙanƙanta, ƙuri'ar mutum guda ta kai nauyin ta ƴan birni fiye da 160.

Magajin garin, Hank Avery, ya kai ƙara, kuma a 1968 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya.

Hukuncin ya yi daidai, amma hujjar mutanen karkara ba ta banza ba ce. Ɗan birni yana da majalisar birninsa. Makiyayi kuwa gunduma ce gatansa, ita ke gyara masa hanya da gada. In aka daidaita lissafi, wanda ya fi bukatar majalisar shi ne za a daina ji a cikinta. Kan wannan alƙali Abe Fortas ya tsaya, ya ƙi bin masu rinjaye.

Sai dai majalisar tana aza haraji kan kowa, ba makiyayi kaɗai ba. Abin da ya fi muni, ita ce da wuƙa da nama wajen shata iyakokin da ake zaɓenta cikinsu. Wakilai uku na mutane 2,094 ake jira su ɗaga hannu su rage wa kansu kujeru.