Mai Shayi Da Alhakin Abin Da Ke Cikin Kofi

Kowace al'umma tana da wurin da maza ke taruwa da dare a zuba musu abin sha, su sauke gajiya, su taɓa hira. A Ingila mashaya ce. A wasu unguwannin maƙwabtanmu nan Mubi gidan burukutu ne. Mu kuwa teburin mai shayi ne. Daga Yelwa zuwa Sabon Layi, daga Kolere zuwa bakin kasuwar shanu, da an idar da sallar isha'i za ka ga benci ya cika, wuta na ci, tukunya na tafasa.

Kada wani ya raina wannan sana'a. Mai shayin kirki ya san yawan citta da kanumfari da masoro da tukunyarsa za ta ɗauka ba tare da ta yi ɗaci ba. Ya san mai son kakkaura, madara da Milo har cokali ya kusa tsayawa, ya san mai son ruwan Lipton kawai, ya san dattijon da likita ya hana wa sukari. Ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo cikin wani, ya mayar, har shayi ya huce ya yi kumfa, ko ɗigo bai zuba ba. Ga riƙon sirri, ga littafin bashi, ga raba faɗa tsakanin magoya bayan ƙwallo. Masu haɗa abin sha a manyan otal-otal na duniya har makaranta suke zuwa don koyon irin wannan, namu kuwa a gindin maigida ya koya, daga wanke kofi.

To amma akwai wani haɗi da ya shigo, wanda ba maigida ne ya koyar ba. Yaro ɗan dako ko direban Keke Napep zai zo da ƙwayar tramadol, ya ce a fasa masa cikin Nescafe don ya iya aikin gobe. Wani teburin ma ba sai ka zo da taka ba, tana nan ƙarƙashin gwangwanin madara, sai dai ka yi alama. Ba duka masu shayi ba, ba ma rabinsu ba, amma duk mai zama waje da dare ya san ba ƙage muke yi ba. Idan ka yi magana, amsar ɗaya ce: "Kuɗinsa ne, cikinsa ne. Ni ciniki nake yi."

Wannan amsa ita muke so mu auna. Shin mai haɗawa yana da alhaki a kan abin da baligi ya zaɓa ya sha da hankalinsa?

Mu fara yi wa mai shayi adalci. Shi ba ɗan sanda ba ne, ba ma'aikacin NDLEA ba ne. Jarinsa bai taka kara ya karya ba, ga kuɗin burodi da ƙwai da gawayi kullum sama suke yi. Idan ya hana, yaron zai tsallaka titi ya sha a teburin gaba, ya tafi da abokansa biyar. Kuma ai gaskiya ne, ba a ɗaure kowa aka ɗura masa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai uzurin ya rataya ne a kan cewa yaron yana zaɓa da hankalinsa, alhali hankalin shi ne abin da ƙwayar ke fara ci. Tramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi da ake rubuta wa majiyyaci, hukumar NAFDAC kuma ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai. Waɗanda ke yawo a hannun samari sukan kai 225. Wanda ya saba da ita jikinsa ba ya motsi sai da ita, yau ɗaya, gobe biyu, wata rana ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramadol ne. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Mutumin da jikinsa ke rawa don bai sha ba, kuɗin nasa ne, amma zaɓin ya daɗe da fita daga hannunsa.

Abin lura, ko waɗanda giya halal ce a dokarsu ba su yarda da wannan amsa ba. A Ingila dokar lasisi ta 2003 ta mayar da shi laifi mai mashaya ya sayar wa wanda ya san ya riga ya bugu. A jihohi da yawa na Amurka, idan ka ci gaba da zuba wa bugagge ya fita ya kaɗe wani da mota, ana iya maka ka a kotu. Wato su ma sun gane cewa hannun da ke zubawa yana cikin lissafi. Mu kuma tun muna makarantar allo muke jin hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗauka da mai sayarwa da mai shayarwa. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi. Illar ita ce gusar da hankali, ko a ƙwarya ta zo ko a kofin shayi.

Wani zai ce, to ke nan mai sayar da dawa a kasuwa shi ma sai ya tuhumi kowace mace da ta zo awo, ko tuwo za ta yi ko burukutu? A'a. A nan ne ake bambancewa. Akwai abin da ba ka sani ba, ba a ɗora maka bincikensa ba. Akwai abin da ka gani da idonka, kamar yaron da ya haɗiyi ƙwayarsa ya kora da shayinka. Wannan nasiha ce hakkinka, da sanar da wani babba a gidansu in ka ga abin ya yi nisa. Akwai kuma abin da ka fasa da hannunka, ka juya da cokalinka, ka karɓi kuɗi. Wannan kam babu inda za ka kai shi, naka ne. Alhaki yana ƙaruwa gwargwadon sani da kusancin hannu.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi unguwa baki ɗaya. Iyayenmu baƙi suka zo garin nan, fatauci da malanta suka kawo su, suka zauna tsakanin Fulani da Gude da Fali da Margi da Higi. Abin da ya sa aka ba su wuri aka kuma yi ciniki da su shi ne amana: mudunsu cikakke, maganarsu ɗaya. Garin da ya ga Oktoban 2014, aka watse aka dawo aka sake gini daga toka, bai kamata ya rasa samarinsa a kan benci ba. Kuma da wane baki za mu yi wa maƙwabci wa'azi a kan tukunyar burukutu, idan ɗanmu yana tangaɗi da kofin shayi a hannu? Ita mai burukutu ko ba komai ba ta ɓoye sunan abin da take sayarwa ba.

Maganar "zai tafi teburin gaba" kuwa maganinta a hannun masu sana'ar yake. Idan masu shayin unguwa suka haɗa baki, da sanin mai unguwa da limamai, cewa ba a fasa ƙwaya a kofin kowa, babu teburin gaba. Mu kuma masu sha, mu kai cinikinmu wurin wanda ya riƙe amana, mu biya bashin da ke littafinsa, don kada mutumin kirki ya yi asara saboda kirkinsa. Dattawa su riƙa zama a bencin lokaci-lokaci. Akwai abin da ba a yi a gaban furfura. Yaron da abin ya riga ya kama shi kuma asibiti yake buƙata, ba kora ba.

Duk wanda ya miƙa hannu ya karɓi kofi bai ga abin da aka zuba ba, yarda ya yi. Wannan yarda ita ce ainihin jarin mai shayi, ta fi tebur da tukunya. Allah Ya sa wa sana'ar albarka, Ya shirya mana zuri'a.