Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Ya ƴan'uwa masu karatu, shin ya halatta ga mai hankali ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, don kawai ya yi kama da abin da ya gani?

A can ƙuryar arewacin Kanada akwai tsibirin Aksel Haibag, inda ƙasa ta daskare zurfin mita kusan 600, ba ta narkewa ko da bazara. Duk da haka akwai wata maɓuɓɓuga da ake kira Lost Hammer, wadda ruwanta ke fitowa shekara zagaye. Sanyinsa ya kai digiri 5 ƙasa da sifiri, amma bai zama ƙanƙara ba, saboda kusan rubu'insa gishiri ne. A 2022 masanan Jami'ar Makgil suka bayyana cewa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani suna rayuwa a cikinsa, suna samun ƙarfi daga iskar metan da haidurojin da sinadaran kibiritu, ba da taimakon hasken rana ba.

Abin da ya kai su can shi ne duniyar Mars. A 2008 na'urar Phoenix ta tarar da ƙanƙara da gishiri a cikin ƙasarta. Sai aka ce: in rai ya jure wannan a nan, me zai hana can?

Wannan shi ne ƙiyasi. Malamanmu kuwa sun sharɗanta cewa ba ya inganta sai illar da ke cikin asali ta tabbata a reshe. Mars ba ta da iska mai kauri irin tamu, kuma halittun Kanada a duniyar da ke cike da rai suka samu asali. A 2015 hukumar NASA ta sanar da alamun ruwan gishiri a gangaren wasu tuddan Mars. A 2017 wani bincike ya nuna cewa mai yiwuwa busasshen rairayi ne ke gangarowa. Masanan suka sake duba maganarsu, wannan kuwa abin yabo ne.

To, mu fa? Sau nawa muke ɗora wa mutum laifi don ya yi kama da wani, ko don garinsu ɗaya? Kamanni hujja ne na a yi bincike, amma bai isa hukunci ba. Wanda ya iya bambanta "yana yiwuwa" da "ya tabbata" ya kuɓuta daga zaluntar ilimi da zaluntar mutane.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.