Amanar da Muke Barin Wa Waya Lokacin Wazifa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa ahbabu, ni ƙaramin almajiri ne, ban kai in yi wa manya wa'azi ba. Abin da ya faru a gidanmu ne ya hana ni yin shiru.

Da na zo Maradi hutu daga jami'a a Yamai, na ba ƙanena tsohuwar wayata. Shekararsa 10, yana aji CM1. Na zuba masa karatun Alƙur'ani da ƙasidun yabo, na ɗauka aikin lada na yi, amma ban cire layin ba, ban goge WhatsApp ba. Kullum bayan magariba ni da Baba muna zawiya wurin wazifa, Inna tana kan tabarma da carbinta, shi kuma yana zaure da waya shi kaɗai.

Wata rana na karɓe ta don in duba wata lamba, sai na ga saƙonnin wani baƙo. Ashe wani ɗan ajinsu ne ya sa shi cikin wani guruf, a nan wani babban mutum ya tsinci lambarsa. Ya fara da turo masa kiredi yana yabonsa. Daga baya ya nemi hotonsa, da sunan lekol ɗinsu, da lokacin da ake tashi, ya kuma ce kada kowa ya ji. Na ce da yaron, "Me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "Yaya, tsoro na ji kada a ƙwace wayar, Baba kuma ya buge ni."

A daren nan ban iya tattara zuciyata a lazimi ba. Muna can muna neman tsarkake zukatanmu, zuciyar da aka ba mu amana kuwa mun bar ta a hannun wanda ba mu sani ba. A Suratut Tahrim, aya ta 6, Allah ya haɗa tsare kanmu daga wuta da tsare iyalanmu cikin umarni guda. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi kiwonsa. Imamul Gazali ma, a cikin Ihya'u, ya kwatanta zuciyar yaro da lu'ulu'u mai tsarki wanda ke karɓar duk zanen da aka yi masa. Mu ne muka fi kowa sanin tasirin zama da mutum, don shi ya sa muke neman zama da shehunai. To wa ke zama da yaranmu cikin waya?

Ga abin da muka yi a gida, ko wani ya amfana.

Na farko, waya ta daina zama ta yaro. Facebook da TikTok da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, ɗan firamare kuwa galibi bai kai ba. In zai yi amfani da ta babba, to a tsakar gida, inda ido ke gani, da lokaci ƙayyadadde. Ba ta kwana a ɗakin yara.

Na biyu, a saitin WhatsApp akwai inda ake zaɓar wanda zai iya sa ka cikin guruf da wanda zai ga hotonka. Akwai kuma Family Link na Google, kyauta ne, yana ba uba ikon taƙaita lokaci da hana sauke abin da bai yarda da shi ba.

Na uku, mun koya masa abu huɗu da ba a ba baƙo: hoto, sunan lekol, unguwa, da lambar sirrin da ke shigowa ta saƙo. Duk babban da ya ce da yaro "kada ka faɗa", to wannan shi ne abin faɗa. Baba kuma ya yi masa alkawari gaban Inna cewa ba duka kan abin da ya kawo da bakinsa.

Na huɗu, ba mu goge saƙonnin ba. Mun ɗauki hotonsu, muka toshe lambar, muka kai wa ƴan sanda, don tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet. Baba ya kuma sami daraktan lekol da kwamitin COGES, aka sanar da iyayen sauran yaran da ke cikin guruf ɗin.

Amma saiti ba ya maye gurbin tarbiyya. Wata rana yaron zai riƙe waya inda ba ni, ba Baba. Abin da zai tsare shi a nan shi ne muraƙaba, wato sanin cewa Allah yana ganinsa, kuma ba a koyon wannan sai wurin wanda ke aiki da shi. In yaro yana ganin muna latsa waya ana tsakiyar zikirin Juma'a, me za mu ce masa? Yanzu ƙanena yana bin mu zawiya, yana zama kusa da Baba.

Ina roƙon muƙaddamanmu, cikin ladabi, su ware ƴan mintoci bayan wazifa su tunatar da iyaye wannan magana.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga sharrin da muke gani da wanda ba mu gani, albarkar Annabi (SAW). Amin.