Haƙƙin Mace A Kan Hanya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta macen da larura ta fitar da ita daga gida, ta tsaya bakin titi tana jiran mota. Ana ta maganar ƙarfafa mata, a koya musu sana'a, a ba su jari, a sa su makaranta. Duk wannan alheri ne. Amma fa makaranta da kasuwa da asibiti ba su zuwa su iske mace a tsakar gida, sai ta bi hanya. To, idan hanyar nan ta zama wurin tsoro ko wurin wulaƙanci, wane ne ke ɗauke da alhakin?

Mutanen Birnin Gwari sun fi kowa sanin nauyin wannan tambaya. Tsakaninsu da Kaduna tafiya ce ta fiye da kilomita 100, ta Udawa da Buruku, kuma shekaru da dama 'yan bindigar da suka ɓuya a dazukan Kamuku da Kuyambana sun mai da ita abin fargaba. A ƙarshen shekarar 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Amma waɗanda aka kashe ba su dawo ba. Sun bar mata da marayu, kuma matan nan su ne yanzu ke neman abin sa wa a bakin salati, su ne ke kai yaro asibiti. Ga kuɗin mota ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Sai ka ga an cusa mutum huɗu a kujerar baya ta ƙaramar mota, biyu a gidan gaba, mace da goyo a matse tsakanin maza, ba ta da bakin magana domin ba ta da kuɗin sayen kujera biyu.

Waɗansu za su ce, ai da ta zauna a ɗakinta da ba ta ga wannan ba. Amsarsu tana cikin Suratul Ƙasas. Yayin da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa ruwan Madyana, ya tarar da maza suna shayar da dabbobinsu, ga mata biyu a gefe suna kange nasu don gudun cunkoso. Da ya tambaye su, suka gaya masa mahaifinsu tsoho ne tukuf. Bai yi musu faɗa ba, bai kore su gida ba. Ya shayar musu, ya koma inuwa. Matan sun kiyaye kunyarsu, shi kuwa ya ɗauke musu wahala. Haka ake so abin ya zama a kowace tashar mota.

Ba mu manta da hadisan da suka hana mace doguwar tafiya ba tare da muharrami ba, kuma duk namijin da ke da iko ya raka matarsa ko 'yar'uwarsa, to, ya raka ta. Sai dai malamanmu sun duba dalilin hanin, watau tsare mutunci da rai. Imamu Malik ya yarda mace ta sauke faralin Hajji cikin rakiya amintacciya idan ba ta da muharrami. Shehu Albaji na ƙasar Andalus kuwa ya ɗauki manyan ayari da hanyoyi masu aminci kamar cikin gari ne. Ashe ke nan hukunci yana tafiya tare da amincin hanya, amincin hanya kuwa ba aikin mace ba ne ita kaɗai. Nauyi ne a wuyan hukuma da jama'a. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah ya yi wa Adiyyu ɗan Hatimu bushara da zamanin da mace za ta taso daga Hira ta zo ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah, kuma Adiyyu ya rayu har ya gani da idonsa. Da tafiyar mace aka auna zaman lafiyar ƙasa a wannan hadisi.

A ƙasarmu ma akwai abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, watau mata masu zuwa daga ƙauyuka neman ilimi a ƙungiyance, ƙarƙashin jagorancin dattijuwa da ake kira Jaji. Ba ta ce su haƙura da ilimi saboda nisa ba, sai ta shirya musu yadda za su yi tafiyar cikin mutunci. A zamaninmu kuma, a shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku a Kano domin mata su huta da hawan acaba, su ne ake kira A Daidaita Sahu. Daga baya suka zama abin hawan kowa da kowa, mata suka koma gogayya da maza wajen neman wuri. Darasin da ke nan shi ne, kowane tsari mai kyau yana bukatar masu tsaronsa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi da su keɓe wa mata layin kujera guda a manyan motoci, su hana cusa mace tsakanin maza, su kuma ja kunnen yaran mota da 'yan kamasho masu sakin baki. Ranar kasuwa a tanadi mota ta mata zalla. Masu hali su sani biya wa gwauruwa kuɗin mota zuwa asibiti sadaka ce mai girma. Mata kuma su riƙa haɗa ayari, su fita da wuri su dawo kafin duhu, kamar yadda iyayensu 'Yan Taru suka yi. Kai kuma fasinja, Annabi ya koya mana cewa hanya tana da haƙƙi, daga ciki akwai runtse ido da kame cuta. Kujerar mota ma hanya ce. Wadda ke gefenka uwar wani ce, yadda taka ke shiga motar wani.

Allah Ya amintar da hanyoyinmu, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a kansu, Ya dubi marayunsu. Amin.